Gatse da Mutuwa a Faifan Ƙarshe na Ƙungiyar The Smiths: Tsokaci a kan Strangeways, Here We Come

1.0 Gabatarwa

A ranar 28 ga Satumba, 1987, kamfanin Rough Trade na birnin Landan ya fitar da faifan waƙoƙi mai suna Strangeways, Here We Come, na ƙungiyar mawaƙan nan ta birnin Mancesta, wato The Smiths. Shi ne faifai na huɗu da ƙungiyar ta shirya a ɗakin ɗaukar murya, kuma daga shi ba ta sake yin wani ba. Kafin ya isa kasuwa ƙungiyar ta riga ta watse, domin makaɗin jitarta, Johnny Marr, ya fice tun a tsakiyar shekarar. Saboda haka duk wanda ya sayi faifan ya saye shi ne yana sane da cewa masu shi sun raba gari, kuma da wannan kunne aka saurare shi tun daga ranar farko. An mai da shi wasiyya. Duk inda aka ji kalmar mutuwa ko rabuwa a cikinsa, sai a ce ga ishara ga abin da ya biyo baya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta sake duba wannan fahimta, ta auna ta da abin da ke cikin waƙoƙin da kuma abin da aka tabbatar game da yadda aka yi su. Dalilin kawo batun gaban masu nazarin harshe shi ne, waƙoƙin misali ne mai kyau na zancen da ma'anarsa ba ta cikin kalmominsa kaɗai. Mai fassara zai iya juya kowace kalma daidai, ya kuma tashi da akasin abin da aka nufa, domin kusan komai a faifan an faɗe shi ne da gatse, gatsen kuwa wani lokaci yana cikin muryar mawaƙi, wani lokaci kuma yana cikin kiɗan da aka ɗora maganar a kai. Za a yi amfani da kalmomin da aka saba feɗe waƙar baka da su, kamar jigo da salo da amshi, a inda suka dace.

2.0 Ƙungiyar da Zamaninta

An kafa The Smiths a 1982, lokacin da Marr, yana ɗan shekara 18, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar Steven Patrick Morrissey a unguwar Stretford ya nemi su haɗa kai su riƙa yin waƙa. Suka raba aiki biyu: Marr ya tsara kiɗa, Morrissey ya rubuta baitoci ya rera. Andy Rourke ya riƙe jita mai kaurin murya, Mike Joyce kuma ganguna. Dukansu huɗu jinin Ailan ne da suka tashi a gidajen leburori a Mancesta. Sunan da suka zaɓa ma magana ce, domin Smith, wanda asalinsa maƙeri ne, shi ne sunan zuriya mafi yawa a Ingila. A zamanin da ƙungiyoyin kiɗa ke gasar raɗa wa kansu sunaye masu ƙyalƙyali, su sai suka ɗauki sunan kowa da kowa.

Irin kiɗansu shi ne reshen rok da ake kira oltanatif ko indi, wato wanda ya fito ta hannun ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, ya kuma kauce wa kiɗan na'ura da ya cika rediyo a lokacin. Faifansu na farko, mai sunan ƙungiyar, ya fito a 1984, Meat Is Murder a 1985, The Queen Is Dead a 1986. Shekarun mulkin Margaret Thatcher ke nan, lokacin da marasa aikin yi a Birtaniya suka haura miliyan uku, masana'antun arewacin Ingila suna ta rufewa. Wani abin lura ga mai nazarin harshe shi ne Morrissey ya ƙi rera waƙa da karin harshen Amurka kamar yadda yawancin mawaƙan rok na Birtaniya suka saba. Ya riƙe lafazin arewacin Ingila, ya riƙe sunayen unguwanni da tituna, sannan ya gauraya maganar kan titi da Ingilishin littattafan ƙarni na 19, musamman na Oscar Wilde, wanda yake ƙauna ƙwarai. Daga wannan gaurayen rajista ne yawancin barkwancinsa ke fitowa: sai ya ɗauki abu ƙarami, kamar faɗuwa daga keke, ya yi maganarsa da harshen da ya dace da faɗuwar daula.

3.0 Sunan Faifai da Bangonsa

Strangeways sunan babban gidan yarin Mancesta ne, wanda aka buɗe a 1868. Ma'anar sunan faifan ke nan: gidan yari, ga mu nan tafe. Ginin jumlar irin wanda masu tafiya hutu ko 'yan kallon ƙwallo ke yi ne cikin murna, su ambaci inda za su, su ce ga su nan. An cire sunan wurin shaƙatawa an sa na kurkuku, an bar murnar yadda take. An danganta wannan dabara da wata magana a fim ɗin Billy Liar na 1963, inda aka ambaci gidan horon kangararrun yara a irin wannan gini. Har ila yau, idan aka raba kalmar biyu tana ba da ma'anar baƙin ɗabi'u ko hanyoyin da ba a saba ba, don haka wanda bai san Mancesta ba ma zai tsinci wata ma'ana. A watan Afrilu na 1990 fursunoni suka yi tarzomar kwana 25 a gidan yarin, suka hau rufi, daga baya aka gyara shi aka sauya masa suna zuwa gidan yarin Mancesta. Wannan ya ƙara wa sunan faifan nauyin da masu shi ba su ɗora masa ba, kuma darasi ne game da yadda abin da ya faru daga baya yake komawa ya rina abin da aka faɗa tun farko.

Hoton bango na ɗan wasa Richard Davalos ne a lokacin fim ɗin East of Eden na 1955. Yana duban James Dean, amma an yanke Dean daga hoton, sai aka bar mutum yana kallon wanda ba a gani. Masu ra'ayin wasiyya sun riƙe wannan a matsayin hujja. Sai dai an san cewa hoton Harvey Keitel Morrissey ya so ya sa tun farko, Keitel ya ƙi yarda. Ashe hoton da ake ce wa annabci zaɓi na biyu ne.

4.0 Jigon Mutuwa da Salon Gatse

Faifan yana da waƙoƙi goma, tsawonsa kimanin minti 36. Ba a musun cewa mutuwa ce babban jigonsa. Biyu daga cikin waƙoƙin suna ɗauke da kalmar a sunayensu, mai magana a waƙar farko fatalwa ne, akwai mara lafiya a gadon asibiti, akwai tauraron mawaƙi da ya rasu, akwai wanda ake yi wa fatan mutuwa ranar bikin haihuwarsa. Abin tambaya shi ne yadda aka sarrafa jigon.

A dubi "Girlfriend in a Coma", wato budurwa cikin dogon suma. Minti biyu ce kacal. Saurayi ne ke tsaye a asibiti, yana maimaita irin kalmomin da ake faɗa a wajen dubiya, na nuna damuwa da tambayar ko za ta tashi. A tsakanin waɗannan kalmomi na al'ada sai wata magana ta suɓuce masa, cewa akwai lokutan da ya ji kamar ya hallaka ta da hannunsa, nan take kuma ya janye ya ce ba ya son wani abu ya same ta. Da farko ya ƙi shiga ya gan ta, daga baya ya roƙi a bar shi ya shiga. Ba a faɗi abin da ya jefa ta cikin suman ba, kuma wannan shirun ne ke sa mai sauraro ya fara zargin mai maganar. Duk wannan an ɗora shi a kan kiɗa mai sauƙi mai tsalle-tsalle, wanda Marr ya ce ya samo ƙwarin gwiwarsa daga "Young, Gifted and Black" kamar yadda Bob da Marcia na Jamaika suka rera ta da salon rege. Wanda ba ya jin Ingilishi zai ɗauka waƙar biki ce. Wanda ya karanta baitocin a takarda ba tare da kiɗa ba zai ɗauka makoki ne mara daɗin tsari. Ma'anar tana tsakanin biyun. Abin da waƙar ke tonawa shi ne yadda kalmomin ladabi na dubiya da jaje suke iya zama mayafin da mutum ke rufe zuciyarsa da shi, har ya kasa sanin abin da yake ji da gaske. A ganina ita ce waƙar da ta fi kowace cika a faifan, ko da yake ba ita ce aka fi yabo ba. Ta kai mataki na 13 a jerin ƙananan faya-fayan da suka fi kasuwa a Birtaniya a watan Agusta na 1987.

Irin wannan dabara, amma ta wata fuska, tana cikin "Stop Me If You Think You've Heard This One Before". Sunan waƙar ƙayyadajjiyar magana ce da mai ba da labarin ban dariya ke buɗe baki da ita a Ingilishi, yana neman a tsayar da shi in an taɓa jin labarin. Mai magana a nan mashayi ne da ya dawo a makare yana jera uzurori, ga haɗarin keke, ga duka da ya sha, ga kwanan asibiti, yana kuma rantsuwar bai taɓa yi wa masoyiyarsa ƙarya ba alhali kowa na jin ƙaryar. Amma maganar buɗewar tana da baki biyu. Mashayin yana faɗa wa wadda yake yaudara, mawaƙin kuma yana faɗa wa masu sukarsa, waɗanda a 1987 suka fara cewa waƙa ɗaya yake ta maimaitawa. Ya riga su faɗa, ya kuma mai da sukan amshi.

Wannan waƙa ce aka shirya fitarwa a ƙaramin faifai. Sai ga kisan Hungerford na ranar 19 ga Agusta, 1987, inda wani mutum ya harbe mutane 16. A wani wuri a waƙar an kambama zafin ciwo har aka ambaci kisan jama'a, don haka BBC ta nuna ba za ta sa ta ba, aka maye gurbinta da "I Started Something I Couldn't Finish" a Birtaniya. An rubuta baitin watanni kafin kisan, kuma kambamawa ce ta barkwanci, amma bayan 19 ga Agusta kunnen jama'a ba zai iya jin ta a haka ba. Ga wanda ke nazarin ma'ana a muhallin magana, da wuya a sami misalin da ya fi wannan fitowa fili: kalma ba ta motsa ba, duniya ce ta motsa a ƙarƙashinta.

"Death of a Disco Dancer" ta fi waɗannan duhu. Mai magana yana ba da labarin kisa a gidan rawa kamar abin da aka saba, yana cewa shi ba ya son shiga sha'anin maƙwabta, sannan ya ambaci taken soyayya da zaman lafiya na matasan shekarun 1960 ya tura cikarsa zuwa lahira. Kiɗan yana gangarowa ne mataki-mataki a kan 'yan sautuka kaɗan, abin da ya sa ake kwatanta shi da "Dear Prudence" ta The Beatles, yana ta kumbura har ya ƙare cikin hargitsin ganguna. A nan ne kaɗai Morrissey ya taɓa kaɗa wani abu a faifan ƙungiyar, ya bubbuga fiyano ba bisa ƙa'ida ba, kuma rashin ƙwarewar ta dace da wurin. Wasu sun fassara waƙar da annobar ƙanjamau da ke cin matasa a lokacin. Baitocin ba su hana wannan fassara ba, ba su kuma tilasta ta ba. Abin da ke fili shi ne gatsen a nan ba na dariya ba ne. Na mutumin da ya daina sa ran komai ne.

Akwai kuma zaren kurkuku da na Ailan da ya ratsa waƙoƙi biyun farko. Sunan ta farko, "A Rush and a Push and the Land Is Ours", yana da amon kirarin yaƙi, kuma manazarta sun danganta shi da rubuce-rubucen 'yan kishin Ailan na 1848, ciki har da na mahaifiyar Oscar Wilde, wadda ke rubutu da sunan Speranza. Amma abin da ke cikin waƙar ba yaƙi ba ne. Fatalwar wani saurayi ce ta koma gida, uban ya dube shi ya ɗora damuwarsa a kan yawan shan kofi, shi kuwa abin da yake tsoro shi ne sake faɗawa soyayya. Kirarin ƙwato ƙasa ya ƙare a tsakar gida. Wanda aiki ya nisanta da garinsu, ya koma hutu ya tarar ba a fahimtar abin da ke damunsa, zai gane wannan uba. Waƙa ta biyu kuma ta ambaci ɗauri da aiki mai tsanani a kan wani kusanci da mai magana ya fara ya kasa ƙarasawa, wanda ke tuna hukuncin shekara biyu da aka yanke wa Wilde a 1895.

5.0 Gudummawar Kiɗa

Idan aka lura, duk misalan da suka gabata sun dogara ne da saɓani tsakanin magana da kiɗa. Wannan saɓani ya samo asali daga yadda mutanen biyu ke aiki. Marr yakan gama kiɗa tukuna, a ɗauka, sannan Morrissey ya zo ya ɗora baitoci da karin muryarsa, sau da yawa a inda makaɗan ba su zata ba. Ke nan gatsen ba na mutum ɗaya ba ne.

An ɗauki faifan a watannin Maris da Afrilu na 1987 a ɗakin ɗaukar murya na Wool Hall da ke ƙauyen Beckington a Somerset, tare da Stephen Street, wanda ya yi aikin furodusa tare da su biyun. Marr ya shiga da niyyar kauce wa salon jitar da aka san shi da shi, mai ƙararrawa da saurin yatsu, wanda a lokacin ƙananan ƙungiyoyi da yawa suka kwaikwaya har ya gundure shi. Shi ya sa waƙar farko ba ta da jita ko kaɗan, fiyano ne ke jan ta. Ga ƙungiyar da sunanta ya ginu a kan jita, wannan sanarwa ce. Sautin goge da na busa da ake ji a wasu waƙoƙin daga na'urar kwaikwayon sauti ya fito, aka kuma rubuta a bango cewa aikin wata ƙungiya ce mai suna Orchestrazia Ardwick, alhali Marr ne, Ardwick kuwa unguwar da ya yi ƙuruciyarsa ce.

Inda wannan sabon salo ya kai ƙololuwa shi ne "Last Night I Dreamt That Somebody Loved Me". Kusan minti biyu na farko babu murya, sai fiyano a hankali da hayaniyar taron jama'a, wadda aka ɗauko daga sautin yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985. Daga nan kiɗan ya faɗo gaba ɗaya kamar an buɗe madatsar ruwa. Baitocin 'yan kaɗan ne, kuma a nan kaɗai babu gatse: mutum ya yi mafarkin ana son sa, ya farka ya ga ba haka ba ne, ya kuma san labarin tsoho ne. Ba a bayyana dangantakar yajin aikin da kaɗaicin mai mafarkin ba, an jera su ne kawai, rashin nasarar jama'a sannan rashin nasarar mutum ɗaya. Da aka fitar da waƙar a ƙaramin faifai a watan Disamba na 1987 an yanke wannan gabatarwa don rediyo, kuma duk wanda ya saurari biyun zai ji cewa an yanke rabin ma'anar.

6.0 Raunin Faifan

Morrissey da Marr, waɗanda da wuya su yarda a kan abu ɗaya, dukansu sun sha cewa wannan ne faifansu mafi kyau. Ban yarda da su ba. Bayan waƙa ta shida faifan ya yi sanyi. "Unhappy Birthday" fatan sharri ce ga wani ranar haihuwarsa, kuma dabarar juya gaisuwa ta koma zagi ta ƙare tun a sunan waƙar, sauran maimaici ne, duk da kyan jitar da ke ƙarƙashinta. "Death at One's Elbow", wadda aka ɗauko sunanta daga littafin tarihin yau da kullum na marubucin wasan kwaikwayo Joe Orton, wanda abokin zamansa ya kashe a 1967, kiɗan rokabili ne na gaggawa da ba ya barin komai a zuciya. A waɗannan biyun gatse ya zama sabo, mawaƙin yana yin abin da ya san ana jira daga gare shi. The Queen Is Dead ma yana da waƙoƙin wasa, amma can wasan yana hutar da mai sauraro ne tsakanin manyan waƙoƙi, nan kuwa cike gurbi yake yi.

Akwai wani rauni da ya fi wannan zurfi, wanda ya shafi salon kansa. Gatse mafaka ce. Mai yin sa kullum yana da ƙofar fita, in an kama shi ya ce wasa yake yi, ko ya ce ba shi ne mai magana ba, wani ne ya saka wa baki. A wannan faifai ƙofar ba ta cutar da kowa ba. Amma wata shida bayan fitarsa, a faifan Morrissey na farko shi kaɗai, Viva Hate na 1988, an sami waƙar "Bengali in Platforms", wadda ta yi wa baƙo ɗan Asiya magana da harshen da mutane da yawa suka ji a matsayin cewa ba shi da wuri a Ingila, aka kuma kare ta da cewa ba a fahimci salon ba. A 2019 ya fito a talabijin ɗin Amurka sanye da bajen jam'iyyar For Britain mai ƙyamar baƙi. Wannan mutum ne wanda wasan ƙarshe na ƙungiyarsa a gaban jama'ar Birtaniya, ranar 12 ga Disamba, 1986 a Brixton Academy, na tara kuɗi ne don yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Ba a ce abin da ya yi daga baya ya ɓata waƙoƙin 1987 ba, domin hakan zai zama irin kuskuren da wannan maƙala ke suka. Amma ya nuna cewa salon da ke hana a kama mai magana da laifi yana kuma hana a san inda ya tsaya.

7.0 Batun Wasiyya da Mallakar Waƙa

Waɗanda suka halarci ɗaukar faifan, har da Street, sun bayyana zaman a matsayin na lumana da raha. Rikicin ya tsananta ne bayan an gama. Ƙungiyar ba ta da tsayayyen manaja, domin Morrissey ba ya jituwa da duk wanda aka kawo, don haka Marr, yana ɗan shekara 23, shi ke ɗauke da lissafin kuɗi da kwangila ban da tsara kiɗa. A watan Mayu aka shiga wani ɗakin ɗaukar murya a Streatham don cike bayan ƙaramin faifai, Morrissey ya kawo tsohuwar waƙar Cilla Black a sake rerawa, abin da Marr ya ce ba don shi ya kafa ƙungiya ba. Ya tafi hutu, jaridar NME ta buga labarin rabuwa, ya tabbatar da ficewarsa. Ba a taɓa yin rangadin wannan faifai ba. Ya tsaya a mataki na biyu a kasuwar Birtaniya, a bayan Bad na Michael Jackson.

Saboda haka kiɗan faifan ba ya nuna mutumin da ke ban kwana, yana nuna wanda ke neman sabuwar hanya a cikin gida. Jigon mutuwa kuwa yana cikin waƙoƙin ƙungiyar tun faifan farko. Waƙa ɗaya ce ra'ayin wasiyya ke da ƙarfi a kanta, wato ta ƙarshe, "I Won't Share You", ma'ana ba zan raba ka da kowa ba. Marr ya tsinci wani tsohon kayan kiɗa mai tsirkiya da yawa, otohaf, a ɗakin ɗaukar murya, ya kaɗa, Morrissey ya rera a kai, babu ganguna. Ingilishi ba ya bambanta jinsi a wakilin suna na mutum na biyu, don haka ba a san ko namiji ake wa magana ko mace ba, abin da mai fassara zuwa Hausa ba zai iya kauce wa yanke hukunci a kansa ba tun a kalmar farko, kamar yadda aka tilasta mini a sama. Da yawa sun ji ta a matsayin saƙo ga Marr, wanda a lokacin ya fara kaɗa wa wasu mawaƙa. Ko da haka ne, kishi take nunawa, kishi kuwa na wanda bai saki ba ne.

Annabcin gaskiya yana cikin "Paint a Vulgar Picture", kuma ba rabuwa ya hango ba. Waƙar tana kai da komo tsakanin muryoyi biyu: taron manyan kamfanin faya-fayai da tauraronsu ya mutu, suna shirin sake fitar da tsofaffin waƙoƙinsa cikin sabon bango da ƙarin hoto, da kuma wani yaro masoyin tauraron, wanda ya taɓa kusantarsa aka yi biris da shi. Ba ta bar mamacin ba ma, ta tuna masa cewa yana da damar ƙin yarda bai ƙi ba. A lokacin da aka rera ta ƙungiyar ta riga ta sa hannu da babban kamfanin EMI. A 1992 kamfanin WEA ya mallaki tsofaffin waƙoƙinsu, ya fitar da tarin zaɓaɓɓu kashi biyu a shekarar, na farkon ya hau mataki na ɗaya, aka sake wani tari a 1995, wani a 2001, wani a 2008, sannan aka haɗa komai a akwati ɗaya a 2011.

Abin da waƙar ba ta duba ba shi ne rabon da ke cikin gida. Kuɗin rubuta waƙa na Morrissey da Marr ne, ba a yi jayayya a kansa ba. Amma kuɗin faya-fayai da na wasanni an raba shi ne kashi 40 ga kowannensu, kashi 10 ga Rourke, kashi 10 ga Joyce. Su biyun suka kai ƙara. Rourke, wanda bashi ya yi wa katutu, ya karɓi fam 83,000 a 1989 ya janye. Joyce ya ci gaba, kuma a watan Disamba na 1996 babbar kotu a Landan ta yanke cewa yana da haƙƙin kashi 25, kimanin fam miliyan ɗaya. Morrissey ya ɗaukaka ƙara, ya faɗi a 1998. Hujjar da aka kafa a kan makaɗan biyu ita ce ana iya musanya su da kowa. Wanda ya saurari minti biyun ƙarshe na "Death of a Disco Dancer", inda gangunan Joyce ne ke ɗauke da duk abin da baitoci suka ƙi faɗa, ko ya bi jitar Rourke a "Girlfriend in a Coma", wadda ita ce tsallen da gatsen waƙar ya dogara a kai, zai iya auna wannan hujja da kunnensa. Rourke ya rasu a birnin New York ranar 19 ga Mayu, 2023, yana da shekara 59. A 2024 Morrissey ya ce an yi musu tayin sake haɗuwa don rangadi kuma shi ya amince, Marr ya fito ya ce shi ya ƙi.